Da Hausa za a fara wa yaro karatun lakwal, ko da Faransanci?

Baban Nana:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun watan Maris na 2025 da sabon kundin ƙasar Nijar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, nake ta jin ana cewa nan gaba da Hausa za a riƙa koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Jarrabawar birbe ta tsakiyar sakandare da Faransanci ake yin ta, bak ta ƙarshen sakandare da Faransanci, takardar neman aiki da Faransanci. Yaron da ya tashi da Hausa a bakinsa tun daga goyo, me za a ƙara masa in an zaunar da shi a aji ana yi masa Hausa? Ba ɓata masa shekaru ba ne? Akwai malamai da ƴan jami'a a cikinmu. Don Allah wanda ya san abin da masu bincike suka gano ya faɗa mana.

Maman Iman:
Wa alaikumus salam. Alhaji, abin da ke raina ka faɗa. Kowa ya san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ni tun suna shekara uku nake kai nawa jardan don kunnensu ya saba. In ka bari sai yaro ya kai shekara tara ko goma, harshensa ya riga ya yi tauri.

Tsohon Mushe:
Sannunku da muhawara. Kafin a yi nisa, ku sani wannan magana ba baƙuwa ba ce a Damagaram. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar mai koyarwa da Hausa da Faransanci, a shekarar 1973. Daga baya aka buɗe irinta da Zabarmanci, da Fulatanci, da Tamajak, da Barbarci. Tsarin shi ne, shekara uku na farko da harshen gida ake koyar da komai, ana shigo da Faransanci kaɗan-kaɗan ta baki, daga aji na huɗu sai a juya zuwa Faransanci. Dokar ilimi ta 1998 ma ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Abin baƙin ciki, shekara da shekaru sunan makarantun nan bai canza daga "gwaji" ba, kuma yawansu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da sauran makarantun ƙasa.

Mu da muka yi karatu kafin wannan, da sambol aka raine mu. Wani ƙashi ne ko katako a igiya, duk wanda aka ji ya yi Hausa a farfajiyar lakwal sai a rataya masa, shi kuma ya shiga farautar wanda zai miƙa wa. Wanda yamma ta same shi da shi, bulala. Wasunmu sun iya Faransanci, gaskiya ne. Amma ana ƙirga mu da muka tsallake ne, ba a ƙirga waɗanda suka yi shekara biyu ba su buɗe baki a aji ba, daga ƙarshe suka koma gona suna ganin kansu dakikai. Na san wasunsu har yau, kuma wallahi ba dakikai ba ne.

Baban Nana:
Allah ya ƙara girma, Mushe. To yaran makarantun gwajin, an auna su?

Ɗalibar Harsuna:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ina karatun ilimin harsuna ne, kuma wannan shi ne fannin da nake rubutun kammalawa a kai, don haka ku yi haƙuri in na ɗan yi tsawo.

E, Baba, an auna su. Wani mai bincike, Mart Hovens, ya fitar da sakamako a 2002 kan makarantun Nijar da na Gini Bisau. Ya gwada yaran da suka fara da harshen gida da waɗanda suka fara da harshen Turawa tsantsa. A Nijar waɗanda suka fara da harshen gida sun fi iya karatu, har a Faransancin ma ba a bar su a baya ba, kuma yaran karkara su suka fi cin moriyar tsarin. Ya kuma lura cewa a azuzuwan nan yara na magana, suna tambaya, ba amshi kaɗai suke yi ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ya shiga CI, wato ajin farko na firamare, a tsarin da muka saba, abu biyu masu nauyi ake ɗora masa lokaci guda. Na farko ya gane cewa waɗannan zane-zanen da ke jikin tablo sauti ne, in an haɗa su suna ba da magana. Na biyu ya koyi harshen da bai taɓa ji ba. In ya haɗa baƙaƙe ya furta kalmar Faransanci, ba shi da hanyar sanin ko ya yi daidai, don kalmar ba ta nufin komai a wurinsa. In kuwa ya haɗa r-u-w-a ya ji bakinsa ya ce "ruwa", nan take zai san ya karanta. Kuma iya karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Wanda ya iya shi da Hausa ba zai sake koyonsa daga tushe da Faransanci ba, harshen kawai zai koya da ƙa'idojin rubutunsa. Jim Cummins na Kanada ya yi bayanin wannan tun 1979, cewa abin da yaro ya gina na tunani da karatu a harshe ɗaya yana ƙetarawa zuwa na biyu.

Shi Cummins ɗin ya kuma bambanta harshen hira da harshen karatu. Ya duba ƴaƴan baƙin da suka zo Kanada, ya ga cikin kamar shekara biyu suna hira da Ingilishi tamkar ƴan gari, amma kafin su kamo tsaransu a harshen da ake rubuta jarrabawa da shi, sai sun yi shekara 5 zuwa 7. Ku lura, waɗannan yara ne da Ingilishi ya kewaye su a titi da talabijin da filin wasa. Yaron Mirriya ko Dungas fa, wanda in ya fita daga aji ba zai sake jin Faransanci ba sai gobe?

Maman Iman:
Ƙanwata, na ji. Amma ba ki taɓa maganata ba. Ba gaskiya ba ne yaro ƙarami ya fi babba saurin ɗaukar harshe?

Ɗalibar Harsuna:
Yaya, akwai gaskiya a ciki, sai dai tana da sharaɗi. A 1989 Johnson da Newport sun gwada ƴan Sin da ƴan Koriya da suka koma Amurka da zama. Waɗanda suka isa kafin shekara bakwai, nahawunsu na Ingilishi ya zama kamar na haifaffun ƙasar, waɗanda suka je da girma kuwa ba su kai haka ba. Wannan yana goyon bayanki. Amma mutanen nan cikin harshen suke kwana suke tashi, shekara da shekaru. A ɗaya gefen, Snow da Hoefnagel-Höhle a 1978 sun bi masu jin Ingilishi da suka koma ƙasar Holan, sai suka ga a watannin farko ƴan shekara 12 zuwa 15 sun fi ƙananan yara saurin koyo nesa ba kusa ba. Wato ƙarami yana da riba in harshen ya wadata a kewayensa kuma aka ba shi lokaci, musamman wajen lafazi. In kuwa ƴan sa'o'i ne a aji, babban yaro da ya riga ya iya karatu ya fi shi sauri.

Ke a gidanki ana jin Faransanci, akwai littattafai, kina duba musu kaye da dare. Naki za su iya. Tsarin ƙasa kuwa dole a yi shi don yaron da uwarsa da ubansa ba su taɓa shiga aji ba, kuma su ne mafi yawa.

Kuma ba a ce a ɓoye wa yaro Faransanci sai ya girma ba. A fara masa shi tun CI, a matsayin darasi, ta baki, da waƙa da wasa. Abin da ake cewa kada a yi shi ne a koyar da lissafi da shi alhali yaron bai ji shi ba tukuna.

Madam CP:
Maganar lissafin nan ta taɓa ni. Ina da yara a ajina da ke talla a Kasuwar Dole bayan an tashi. Yarinya za ta sayar da abin dala goma sha biyar, a ba ta dala ɗari, ta mayar da canjin dala tamanin da biyar ba ta ko ƙirga yatsu ba. Ku tuna dala ɗari ɗin nan faran 500 ne a rubuce, wato kullum tana jujjuya lissafi iri biyu a kanta. Amma in na rubuta mata 500 a cire 75 na karanta tambayar da Faransanci, sai ta zuba mini ido. A takarda sifiri za ta ci. Ni kuma na san ba lissafin ne ba ta iya ba.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu da Hausa muke bayani in mun ga aji ya yi tsit. Muna yi ne a ɓoye, kamar masu laifi, ba littafi, ba horo.

Baban Nana:
To ai ga shi nan, Madam. In kuna yi da Hausa tun tuni, me ya sa sakamakon bai gyaru ba?

Madam CP:
Don fassarar gaggawa daban, koyarwa daban, Alhaji. Ina faɗa masa ma'ana da Hausa, amma ban koya masa ya karanta ko ya rubuta Hausar ba, kuma jarrabawa ba ta san da ita ba. Ni kaina ba a taɓa koya mini rubuta Hausa ba. Dubi yadda muke rubutu a waya: "ina kouana", "tchikin gari", "moun godé". Da ƙa'idar Faransanci muke rubuta harshenmu, alhali tun 1999 gwamnati ta fitar da ƙa'idar rubutun Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Malamai nawa suka taɓa ganin takardar?

Tsohon Mushe:
Ɗiyata ta faɗi gaskiya. Kuma wanda ke ganin tsarin da muke kai yana aiki, ya tuna awon PASEC na 2014, wato gwajin da ake yi wa ƴan firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci. A ƙarshen firamare, yaran Nijar da suka kai matakin da ake so a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A wannan awon, Burundi da ke fara wa yaranta da Kirundi ita ce kan gaba a azuzuwan farko. An samu ci gaba a awon 2019, amma har yanzu mafi yawa ba su kai ba. Saboda haka Alhaji, shekarun da kake tsoron a ɓata, ana ɓata su yanzu haka.

Ɗan Gure:
Ina ta karantawa ban ce komai ba, amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Kuna ta cewa "harshen gida", kuna nufin Hausa. Ni Manga ne, wani reshe na Barebari. A ƙauyenmu yaro ɗan shekara shida Barbarci yake ji. A Tesker Tubanci, a wasu rugage Fulatanci, a arewacin Tanut Tamajak. Duk jihar Damagaram ce. In hujjarku ita ce yaro ya fara da harshen da yake ji, to hujjar ba ta Hausa ba ce ita kaɗai. In aka cire Faransanci aka ɗora wa ɗana Hausa, an sauya masa kaya ne kawai, nauyin na nan. Dokar 2001 harsuna goma ta lissafa a matsayin harsunan ƙasa. Yanzu an ɗaga ɗaya, mu sauran muna jiran mu ga inda za a ajiye mu.

Bagobiri:
Haba ɗan'uwa, ai duk wanda munka sani daga wajenku yana jin Hausa. Kai ma ga shi da ita kake rubutu.

Ɗan Gure:
Ni na yi yawo, na zauna Zango shekaru. Tambayi kakata. Kuma ko ni, har gobe in na yi sauri sai in ce wa mace "ya zo", yara su yi ta dariya.

Ɗalibar Harsuna:
Yaya na Gure, maganarka daidai take, kuma binciken da na kawo yana bayanka ɗari bisa ɗari. Ba Hausa bincike ya zaɓa ba, harshen da yaro ya fi ji ya zaɓa. A cikin birnin Zinder, ɗan Barebari da ɗan Buzaye da ya tashi yana wasa a lungu da Hausa, ba laifi a fara masa da ita. A ƙauyen da ba a yin ta, zalunci ne.

Batun "ya zo" kuwa ba rashin ƙoƙari ba ne, ginin harsunan ne ya bambanta. Hausa tana cikin dangin Cadi, reshe na babban gidan da Larabci da Tamajak suke ciki, kuma tana raba komai namiji da mace. Barbarci na dangin Sahara ne, tare da Tubanci, ba ya raba jinsi ko a wakilin suna, kuma aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa. Wanda ya tashi da shi, dole ya koyi wata tambaya da harshensa bai taɓa yi masa ba: wannan abu "shi" ne ko "ita"? Bahaushe kuma da ya je ga Faransanci yana da wannan tunanin a shirye, sai dai rabon bai zo ɗaya ba. Rana mace ce a wurinmu, namiji a wurinsu, wata kuma akasin haka. Malamin da ya san wannan zai san tun kafin ya shiga aji inda ɗan Manga zai yi tuntuɓe da inda Bahaushe zai yi, kuma ba wuri ɗaya ba ne. Haka wajen sauti: Hausa ba ta bambanta p da f, ba ta da v, ba ta son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa yaro ke cusa wasali a tsakani. Ana dukan yara kan abin da minti goma na bayani da atisaye zai fara gyarawa.

Kuma Bagobiri, kada mu manta cuɗanyar nan ta daɗe kuma ba gefe ɗaya ta bi ba. Masanin harsuna Greenberg ya nuna tun 1960 cewa kalmomi irin su kasuwa da rubutu ta hanyar Barbarci suka shigo Hausa. Sarautun fadarmu ma, Ciroma da Yarima da Galadima, daga Barno suke.

Gwani na Birni:
Assalamu alaikum. Ni ba ɗan lakwal ba ne, amma ina so in tuna muku abin da ke gabanku kuka tsallake. A zaurukan ilimi na Birni da Garin Malam, yaya ake karantar da Ahalari da Ishmawi da Risala? Malam ya karanta Larabci gaɓa-gaɓa, ya fassara da Hausa, ɗalibi ya maimaita, ya tambaya da Hausa, a warware masa da Hausa. A Barno da Barbarci ake yi. Da haka aka samu malaman da suka rubuta littattafai da waƙoƙi da Larabci tsantsa, ba su taɓa taka ƙasar Larabawa ba sai in aikin hajji ya kai su. Ba wanda ya taɓa rataya wa almajiri ƙashi don ya yi Hausa. Kuma da yawa daga cikin yaran da kuke kira jahilai a CI sun riga sun san baƙi da wasali a allo, wasu har suna rubuta wasiƙa da ajami. Lakwal ba ta tambayarsu me suka zo da shi.

Tsohon Mushe:
Allah ya gafarta Malam, wannan haka yake. Sai dai a zaure ɗalibi ba ya da agogo a kansa, yana iya shekara goma sha biyar yana karatu, kuma kai da shi ne ido da ido. Mu an ba mu shekara shida da aji cike maƙil.

Gwani na Birni:
Gaskiya ne Mushe. Ban ce a kwafe mu ba. Na ce dai hanyar shiga baƙon harshe ta ƙofar harshen gida ba Turawa suka kawo ta ba.

Baban Nana:
Na saurari kowa. Amma ɗiyata mai karatun harsuna, ina da tambaya kuma ina son amsa ba kwana-kwana. Duk makarantar gwaji ana zuba mata kuɗin masu ba da agaji, a zaɓo mata malamai, a buga mata littattafai, manya su riƙa kai ziyara. Yaya za a san harshen ne ya sa yaran suka yi fice, ba gatan da aka yi musu ba? In aka ba makarantar Faransanci wannan gatan fa?

Ɗalibar Harsuna:
Baba, wannan tambayar masana da kansu sun yi ta. Misali mafi shahara shi ne na Ile-Ife a Najeriya, wanda Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970. An koyar da yara komai da Yarbanci shekara shida cur, Ingilishi kuma darasi ne kawai. Yaran sun yi kyau, har a Ingilishin ba su gaza ba. Masu suka suka ce ai an ba su ƙwararrun malaman Ingilishi da sababbin littattafai. Sukar tana da tushe, ko da yake an ba wasu azuzuwan da ke karatu da Ingilishi sabon manhajar su ma don a gwada. Abin da ke ƙarfafa hujjar shi ne ba wuri ɗaya aka ga haka ba. An gani a Mali, an gani a Burkina Faso inda makarantun harshe biyu suke kammala firamare a shekara biyar maimakon shida, an gani a Habasha inda wasu jihohi suke koyarwa da harshen gida har shekara takwas.

Amma ga inda nake tare da kai. Harshe shi kaɗai ba ya koyar da kowa. In aka wayi gari aka ce daga Oktoba kowa ya koyar da Hausa, ba littafi, ba horo, ba kalmomin lissafi da kimiyya da aka daidaita, za a faɗi, sannan a ce Hausa ce ta gaza. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Akwai kuma matsala a tsarin namu na 1973 kansa. Wani babban nazari da ƙungiyar bunƙasa ilimi a Afirka, ADEA, da cibiyar UNESCO ta Hambug suka fitar a 2006, wanda ƴar ƙasarmu Hassana Alidou na cikin marubutansa, ya nuna shekara uku sun yi kaɗan. In aka juya zuwa harshen Turawa a aji huɗu, ribar da aka samu takan fara zagwanyewa bayan shekara ɗaya ko biyu, don yaron bai tara kalmomin da zai ɗauki tarihi da kimiyya da su ba. Suka ce a riƙe harshen gida aƙalla shekara shida, ana koyar da ɗaya harshen da kyau a gefe. Ni a ganina nan ne ya kamata muhawararmu ta koma: shekara nawa, da wane malami, da wane littafi.

Maman Iman:
Ni abin da ke damuna kuma shi ne gauraye. Yaran yanzu ba Hausa ba Faransanci. "Mun depoze dosiye ɗin", "portabul ɗina ya deshaje". In aka haɗa musu biyu a aji ba ƙara rikicewa za su yi ba?

Ɗalibar Harsuna:
Yaya, dubi jimlar da kika kawo da kyau. "Mun" na Hausa ne, shi ke ɗauke da mutum da lokaci. Aikatau na Faransanci ya shigo tsirara, ba a juya shi yadda Faransawa ke yi ba. "Ɗin" kuma ita Hausa ke liƙa wa baƙuwar kalmar da ba ta gama zama ƴar gida ba. In da labari yake bayarwa, "sai muka depoze" zai ce, ba zai taɓa kuskure wannan ba. Ke nan nahawun Hausa ne ke riƙe da ragamar jimlar. Shana Poplack ta nuna a 1980, a kan ƴan Fotoriko mazauna birnin New York, cewa waɗanda suka fi ƙwarewa a harsunan biyu su suka fi iya sauyawa a tsakiyar jimla ba tare da karya ƙa'idar ko ɗaya ba. Myers-Scotton ta ga irin haka a Nairobi tsakanin Swahili da Ingilishi. Tsoron cewa harshe biyu na dagula ƙwaƙwalwar yaro tsoho ne, Turawa ma sun daɗe da shi, har Peal da Lambert suka gwada ƴan shekara goma a Montreal a 1962 suka ga masu harshe biyu ba su gaza ba, sun ma fi a gwaje-gwaje da dama.

Abin da zan yarda da ke a kai shi ne, yaron da bai san "ajiye" ko "miƙa" ba sai "depoze", an yi masa asara. Maganinta a ba shi Hausa mai zurfi a rubuce, ba a hana shi Faransanci ba.

Bagobiri:
To wace Hausar za a sa a littafin? Mu "munka" da "sunka" muke cewa, ku kuna wani abu, Kano na wani abu. Kar a kore Faransa a kawo muna Kano.

Tsohon Mushe:
Rubutu ɗaya, baki daban-daban, haka kowace al'umma take yi. Malam ya karɓi "munka" a bakin yaro, ya nuna masa "muka" a takarda, ya gaya masa duka biyun Hausa ce. Kuma ɗan Gobir, in ana maganar waɗanda suka ba Turawa Hausar da suka rubuta, akwai namu a ciki. Dorugu, yaron Dambanas kusa da Kance, wanda aka kama bawa yana ƙarami, ya bi Barth, Bajamushe mai yawon bincike, har Landan a 1855. A bakinsa wani ɗan mishan, Schön, ya ɗauki labarai da jimlolin da ya yi amfani da su a nahawunsa na 1862 da ƙamusunsa na 1876. Ya ƙare rayuwarsa a Kano yana koyarwa a makarantar Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa, ya rasu a 1912. Yaranmu sun san sunan Barth, ba su san nasa ba.

Ɗalibar Harsuna:
Allah ya saka, Baba Mushe. Kuma Bagobiri yana da hujja ta wani gefen: manyan littattafan nahawun Hausa na zamani, irin na Paul Newman na 2000 da na Philip Jaggar na 2001, a kan Hausar Kano aka gina su, sauran karuruwa ana kawo su ne a matsayin bambanci. Mai rubuta littafin CI na Damagaram yana bukatar ya san kalmomin da ɗan shekara shida na nan yake amfani da su da gaske, kada a ba shi littafin Hausa da rabin kalmominsa baƙi ne a kunnensa.

Shi ya sa nake da roƙo. Aikina a kan yaran da ke tashi da Barbarci da Hausa tare ne, ƴan shekara biyar zuwa bakwai. Ina so in ɗauki muryarsu suna ba da tatsuniya ɗaya da harsunan biyu, in ga inda jinsi da jerin kalmomi ke shiga juna. Ba suna, ba hoto, kuma sai da yardar iyaye. Wanda ke da irin wannan gida ya yi mini magana ta gefe.

Madam CP:
Ina da irinsu a ajina. Zan fara tambayar darakta da iyayen, in sun yarda in sanar da ke.

Ɗan Gure:
Ƙanwata, zan haɗa ki da gidan yayata a nan Zango, yaranta duka biyun suke yi. Amma in kina son ki ji yaron da Barbarci kaɗai yake ji kafin ya shiga lakwal, sai kin fita birni, kuma ki bari sai bayan girbi lokacin da mutane ke gida. Sharaɗina ɗaya: ki tafi da wanda ya iya Manga sosai ya rubuta miki abin da yaran suka faɗa, kada a fassara miki da baki a tsaitsaye. Kuma in kin gama, ki kawo mana sakamakon a nan zauren da harshen da za mu iya karantawa.